Zuwa Dam ɗin Tiga da kare: abin da aka ce

Na tambayi abokai ko zan iya tafiya da karnukana biyu Tiga, dam ɗin nan da aka kammala a 1974 kan Kogin Kano. Ga abin da na tsinta.

Kusan kowa ya ce a sa musu igiya, kar a sake su, don bakin ruwan ba namu kaɗai ba ne, akwai masunta da ragarsu a shanye, ga mata na wanki, ga shanun Fulani na zuwa sha, kuma ka san mutanenmu, kare ya shinshina butar alwalar wani ai rigima ta tashi. Allurar haukan kare kuwa dole.

Wani ya ce a je da sassafe, yashin nan da rana sai ya ƙona musu tafin ƙafa, a taho da ruwan sha a jarka. Kusa da inda ake sakin ruwa kam kar ma a matsa, yana da ƙarfin ja.

Kai ma kar ka biye musu ka faɗa wanka, akwai tsargiya. Wannan ce ta fi tsorata ni wallahi.