Tambaya kan hablaba da hablé a Sifaniyanci

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum. Ina koyon Sifaniyanci a waya da dare in na rufe shago, don ina son in riƙa jin abin da 'yan ƙwallon La Liga ke faɗi in ana hira da su. Yanzu na iso wurin da suke kira imperfecto, kaina ya ɗaure. Na haddace hablé, wato na yi magana. Ga kuma hablaba, shi ma wai abin da ya wuce ne. Mi ya raba su? Kuma yaya ake jera shi? Don Allah a taimaka.

Malama daga Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kwantar da hankalinka, a ganina duk nahawun Sifaniyanci babu babi mai sauƙin wanga. In aikatau ya ƙare da -ar kamar hablar, cire -ar ɗin ka jera: hablaba, hablabas, hablaba, hablábamos, hablabais, hablaban. Wato ni, kai ko ke, shi ko ita, mu, ku, su. Masu -er da -ir kuwa hanyarsu ɗaya. Comer, ci: comía, comías, comía, comíamos, comíais, comían. Vivir, wato rayuwa, shi ma haka, vivía. Ka kula da 'yar alamar nan ta saman wasali, nan ake danna murya. A jerin comía duka shidan suna da ita, a na hablaba kuwa hablábamos kaɗai.

Almajirin Kanwuri:
Malama, Allah shi ƙara ilimi. Ɗan'uwa, in ka taɓa karatun nahawun Larabci, tuna bambancin kataba (ya rubuta) da kana yaktubu (ya kasance yana rubutawa). Hablé kamar kataba yake, an yi an gama. Hablaba kuwa abin da aka saba yi a da, ko wanda ake cikin yi sa'ad da wani abu ya faru. De niño comía mucho: ina yaro nakan ci da yawa. Comía cuando llegó: ina cikin cin abinci ya iso. Ka ga llegó shi ne ya faru sau ɗaya, ya katse cin.

Ɗan Mabera:
Wallahi wanga misali na Larabci ya shige ni. Amma Malama, na ga ni da shi duk hablaba ne. Ba a rikicewa?

Malama daga Runjin Sambo:
Zancen da ke kewaye shi ke nunawa. In kana tsoron ruɗani sai ka sa yo (ni), él (shi) ko ella (ita) a gaba. Sannan uku ne kacal suka saɓa wa ƙa'ida: ser (kasancewa) ya zama era, ir (tafiya) ya zama iba, ver (gani) ya zama veía. Tunda ƙwallo kake saurare, hablabais, wato na ku, a bakin mutanen Sifaniya za ka ji shi; ɗan wasan Ajantina ko Kolombiya ustedes hablaban zai ce. Jera mana jugar, wato yin wasa, mu gani.