Neman shawara: saura mako 3 a tura mu asibiti, gabana kuma sai faɗuwa yake yi

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena ma'aikatan jinya. Ni ɗaliba ce a shekarar farko a wata kwalejin koyon aikin jinya. Na ci jarrabawar zangon share fage, an saka mana hular ma'aikatan jinya, saura mako 3 a rarraba mu ɗakunan marasa lafiya. A takarda na haddace cewa bugun zuciyar babban mutum yakan kasance tsakanin 60 da 100 a minti ɗaya, numfashi kuma 12 zuwa 20, amma ban taɓa yi wa kowa allura ba sai mutum-mutumin roba, shi ma layi muke yi a kansa, kafin ya zo kaina lokacin darasi ya kusa ƙarewa. Da me zan shirya kaina?

Amsar wata sista mai ritaya:
Wa alaikumus salam, 'yata. Wannan tsoron naki bai dame ni ba, ɗalibar da take ɗaga mini hankali ita ce wadda ba ta iya ba kuma take jin kunyar faɗa. Ranar farko da na ɗaura na'urar awon jini a hannun wani dattijo ramamme, hayaniyar masu dubiya ta hana ni jin sautin bugun jininsa, har zuciyata ta raya mini in rubuta 120/80 in huta. Allah ya taimake ni na kira sistar da ke bakin aiki, da ta auna sai ga jinin ya yi ƙasa ƙwarai. Lambar da kika ƙirƙira da ita likita zai yi aiki. Idan ba ki ji ba, ki ce ba ki ji ba, kada kuma ki ba da wani magani ba tare da mai kula da ke yana tsaye ba, ko da 'yan uwan majinyaci suna kiranki "nas" suna matsa miki.

Amsar wani malamin jinya:
Ƙanwata, ki ari na'urar awon jini, ki riƙa auna duk mutanen gidanku safe da yamma har kunnenki ya saba. Ki kuma riƙe littafin ayyukanki a aljihu, a sa miki hannu a ranar da kika yi aikin.

Amsar wata ɗalibar shekarar ƙarshe:
Ƙanwata, kin yi rigakafin ciwon hanta nau'in B? Allura 3 ce: ta farko, ta biyu bayan wata 1, ta uku a wata na 6, saboda haka ki fara tun wannan makon. Kada ki mayar wa allurar da aka yi amfani da ita murfinta, ki jefa ta kai tsaye cikin kwalin da aka tanada. Idan ta soke ki, ki wanke wurin da ruwa da sabulu, ki sanar nan take, domin maganin kariya daga cutar ƙanjamau ana fara shi ne kafin awa 72 su cika. Ki nemi takalmi mai taushi kuma, tsayuwar da yawa take.