"Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne": shin ta hau kan motar da aka durƙusar?

Mai Walda:
Assalamu alaikum. Ina roƙon malamanmu na harshe su raba mini wata gardama da ta shiga tsakanina da yayana a kan karin maganar nan da ake cewa, "Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne." Ina aikin walda a wani gareji a kudancin Kalifoniya, inda ake sāke ƙera tsofaffin motocin da Amurkawa ke kira hot rod, galibinsu Ford na kafin Yaƙin Duniya na Biyu, waɗanda ake rage wa nauyi a ƙara wa inji ƙarfi. A irin waɗannan motoci bodi daban yake, casis daban, domin bodin yana zaune ne a kan dogayen ƙarafa biyu na casis, an ɗaure shi da noti. A makon jiya muka yanke daɓen wata Ford Model A ta 1930 gaba ɗaya, muka sauke bodin da inci 4 har ya rufe ƙarafan nan kamar yadda murfi yake hawa kan kwano, sannan muka ƙera sabon daɓe a samansu. Da na ja da baya na ga yadda motar ta lafe, sai na aika wa yayana hotonta tare da wannan karin magana, shi kuwa ya ce na ɗora ta inda ba wurinta ba. Wane ne yake da gaskiya a cikinmu?

Malamar Hausa:
Wa alaikumus salam, Malam. Ina ganin yayanka yana da hujja, domin ka ɗauki kan maganar ka bar wutsiyarta. Da yawa daga cikin dattawa sukan faɗe ta ne da cewa durƙusa wa wada ba ya hana ka tashi da tsawonka, kuma a wannan tashin ne ma'anar take. Ana yin ta ne ga babban da ya ƙasƙantar da kansa ga wanda bai kai shi ba, ko don biyan wata buƙata ko don a zauna lafiya, kamar mai gidan da ya ba yaronsa haƙuri, alhali kowa ya san cewa idan an gama zai miƙe yadda yake. Saboda haka ina da tambaya biyu gare ka: wane ne wadan da motar ta durƙusa wa, kuma za ta iya tashi?

Mai Walda:
Malama, tambayar farko ina da amsarta. Wadan shi ne iska. Wannan al'ada ta samo ƙarfinta ne daga tseren da samari suke yi tun shekarun 1930 a kan busassun tafkunan hamadar Mojave, irin su Muroc, daga baya kuma El Mirage, kuma a 1937 ne suka kafa SCTA, wato ƙungiyar da take auna musu gudu a kudancin Kalifoniya. A fili irin wannan babu kwana babu tudu, abin da yake riƙe mota shi ne iskar da take bugun ƙirjinta, don haka duk incin da aka rage daga tsayin mota an rage wa iskar wurin dafawa, an kuma sauko da nauyin bodin kusa da ƙasa. Wanda ba shi da kuɗin sayen lanƙwasasshen aksil ko na yanke casis ya sāke haɗa shi, yana iya rage tsayin motarsa ta hanyar sauke bodi, da abin yankan ƙarfe da walda kawai. Har suna suka ba motocin biyu: wadda aka cire wa madigadi aka bar bodinta a kan casis suna kiranta da sunan da ke nufin dogon yaro, wadda aka durƙusar kuwa gajeren yaro.

Tambaya ta biyu ce ta ɗaure ni. Gaskiya ita ce daɓen da Ford ta ƙera a 1930 yanzu yana jingine a bayan gareji gunduwa-gunduwa. Ana iya mayar da bodin sama idan an sami sabon daɓe da gwanin da zai yi aikin, amma ba zai zama tashi irin na wanda ya durƙusa ya miƙe ya kaɗe gwiwarsa ba.

Tsohon Direba:
Ɗana, ni ban taɓa ganin irin motocin nan da idona ba, amma na yi shekaru a bayan sitiyari, kuma abin da na fara tunani shi ne mutumin da zai zauna a ciki. Idan rufi ya sauko inci 4 alhali daɓe yana nan a kan casis, to ai daga wurin zaman direba aka ciro incin nan. A ganina karin maganar da ta dace ita ce, "Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri." Motar ta tsuguna, mai ita ma zai tsuguna.

Mai Walda:
Baba, ka faɗi abin da yake faruwa kamar kana tsaye a wurin. Mai motar dogon mutum ne. Da muka gama sai muka cire ƙafafun kujerar muka ajiye masa katifarta a kan daɓe don gwaji, ya shiga ya zauna, gwiwarsa ta dama tana gugar sitiyari, ƙafarsa ta hagu kuma ba ta samun kuloci sai ya karkace, ga tudun da muka ƙera don rufe giyabos da farfela ya taso a tsakiya ya cinye rabin wurin ajiye ƙafa. Wasu ma bayan wannan sukan yanke ginshiƙan rufi su rage masa tsayi, sai direba ya zama yana leƙen hanya ta siririn gilashi.

Malamar Hausa:
Baba, ka yi mini haƙuri, amma a nan zan ɗan saɓa maka. Maganar kare da biri ana yin ta ne idan an yi canji don a rabu da wata matsala, sai aka tarar abin da aka samo yana da irin matsalar sak, domin kare yana tsugune biri ma yana tsugune. Mai wannan mota bai gudu daga tsuguno ba, da kuɗinsa ya je ya saye shi, yana sane. Kalmar tsuguno ce ta ja mu, kamar yadda kalmar durƙuso ta ja Malam, kuma wannan shi ne kuskuren da ake yawan yi da karin magana, a bi hoton da ke bakinta a manta da halin da aka gina ta dominsa.

Bakanike:
Ni ina bayan Malam Mai Walda, kuma hujjata daga cikin aikin take. Tsawon da ake nufi a karin maganar ba na inci ba ne, daraja ce da ƙarfin mutum. To a wannan aiki ba a taɓa casis ba, ba a taɓa sifirin ba, ba a taɓa aksil ba, inji yana nan inda yake, tazarar da ke tsakanin casis da ƙasa ma ba ta ragu ba. Abin da ya sa motar ta zama mota yana tsaye da tsawonsa, riga ce kawai ta sauko. Idan babba ya durƙusa ai ƙashin bayansa bai gajarta ba.

Inda zan yarda an yi asara shi ne a kan Ford ta 1932, wadda ta fara zuwa da injin V8 na kamfanin, mai silinda takwas. Ita an ƙera casis ɗinta ne don a gan shi, gefensa yana da zurfin kimanin inci 6 da wani layi mai kyau da aka danna a jikin ƙarfen, kuma duk wanda ya sauke bodi a kansa ya binne wannan ado. A nan kam sai in ce garin neman gira an rasa ido.

Malamar Hausa:
Malam Bakanike, na karɓi rabin maganarka. Gaskiya ne cewa tsawo a nan daraja ce, kuma kwatancen riga da ƙashin baya ya zauna. Abin da ya rage mini shi ne zaɓi. Mai durƙusa wa wada shi ne ya ga dama ya durƙusa, shi ne kuma zai ga dama ya tashi, kuma wannan ikon ne yake nuna cewa ba gajiyawa ba ce. Da Malam ya faɗi maganar a kan mai motar, wanda ya yarda ya naɗe dogayen ƙafafunsa don ya sami abin da yake so, da ban ce komai ba, domin shi zai buɗe ƙofa ya fito ya miƙe. A kan motar kanta ne nake da ja.

Tsohon Direba:
Na yarda da gyaran Malama a kan kare da biri. Amma ɗana, ka ce kun yanke daɓe gaba ɗaya. Me ya riƙe bodin kada ya murɗe?

Mai Walda:
Baba, wannan shi ne aikin farko kuma mafi muhimmanci. Kafin mu taɓa daɓe sai da muka rufe ƙofofi muka daidaita tazararsu, sannan muka liƙa bututan ƙarfe a gicciye a cikin bodin, daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi, domin daɓen ne yake riƙe da siffar motar, kuma idan aka cire shi ba tare da tokari ba sai bodin ya buɗe, ƙofa ta ƙi rufuwa, a yi gyaran gangar Auzinawa. Mu shida muka ɗaga shi, muka sauke a hankali, ɗaya yana durƙushe yana duba alamar alli a kowace kusurwa.

Malama, zan gaya wa yayana cewa a kan motar shi ne ya yi daidai, a kan mai motar kuwa maganata tana nan. Aikin ma bai ƙare ba. Lagireto yana zaune a kan casis, bai sauko tare da bodin ba, don haka yanzu gaban motar ya fi tushen bonet tsayi da inci 4, kuma ranar Litinin za mu rage tsayin murfinsa mu nemo gajeren lagireto, sannan mu sāke wa sitiyari mazauni don gwiwar mutumin ta sami wuri.