Abin da ɗaliban musaya suka ce kan koyon harshen Danmak

Waɗanda suka yi zangon karatu a Kofanhegan da Aarhus bakinsu ya zo ɗaya: karanta Danishanci bai kai jinsa wuya ba. Mutanen ƙasar suna haɗiye ƙarshen kalmomi, abin da ka gani a takarda daban, abin da ya shiga kunnenka daban. Shi ya sa ɗaliban suka ce a fara da kunne: shirye-shiryen tashar DR, gidan rediyo da talabijin na Danmak, da rubutu a ƙasa, ko na yara ne.

An daɗe ana magana kan stød, ɗan maƙalewar murya a maƙogwaro. Da shi ake bambanta hun, wato ita, da hund, kare. Bahaushe da ya saba da hamza a "sa'a" zai gane wurin, sai dai nasu ya fi laushi. Lissafi ma sai an haddace: 50 halvtreds ne, ashirin sau biyu da rabi, kuma ana faɗin ɗaya kafin ashirin a 21, enogtyve.

Babban ƙorafi shi ne kana buɗe baki mutanen ƙasar su juya zuwa Turanci. Shawarar da ta fi kwanta mini: ka roƙe su kai tsaye su ci gaba da harshensu, musamman a kicin ɗin gidan ɗalibai inda ake girki tare. Bayan abinci ka ce "tak for mad", wato na gode da abinci.

Da ka samu lambar CPR, wato lambar rajistar mazauna ƙasar, ka tambayi ƙaramar hukumarka ajin koyon harshe tun makon farko, zango ɗaya ba ya jira.