Hoton da ke sauyawa idan mai kallo ya motsa, hoton wane ne?

Ɗalibar Zane: Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske game da ayyukan fasahar zamani da ake haɗawa da kyamara da kwamfuta, waɗanda fuskar da ke cikinsu take sauyawa gwargwadon abin da mai kallo ya yi. A zanen da aka saba, mutum ɗaya ake zaunarwa a fitar da kamanninsa, kuma haka hoton zai tabbata har ya tsufa. To, idan hoto ba ya tsayawa a kama ɗaya, shin ya cancanci a ce hoton wani ne?

Malam Mai Nazari: Wa alaikumus salam, Malama. A ganina hoton na wanda ya tsaya a gabansa ne. Ki duba aikin Daniel Rozin mai suna Wooden Mirror, wato madubin katako, na shekarar 1999, wanda ya jera guntayen katako 830, kowanne da ɗan ƙaramin inji a bayansa, sannan ya saka kyamara a tsakiya. Kwamfuta ce take auna haske da duhun abin da kyamarar ta gani, sai ta karkatar da kowane katako sama ko ƙasa domin ya kama hasken fitila ko ya yi inuwa, har siffar mutum ta fito, katakan suna ta ƙwas-ƙwas duk lokacin da ya motsa. Rozin bai zana kowa ba, ƙa'idar kawai ya shimfiɗa.

Hajiya Mai Koyarwa: Malam, bayaninka ya yi daidai a kan ayyukan da suka ɗauki salon madubi, amma ba dukansu ne haka ba. A 1990 Luc Courchesne, ɗan ƙasar Kanada, ya yi Portrait One, inda wata mata mai suna Marie take fuskantar mai kallo, shi kuma yana zaɓar abin da zai ce mata daga jimlolin da ke bayyana a allo. An riga an ɗauki dukkan amsoshinta a faifan bidiyo, duk da haka hirar tana iya yin nisa ko ta yanke idan aka yi mata rashin ladabi. Wannan hoton Marie ne babu tantama, sai dai halinta ake nunawa fiye da kamanninta, kuma hali ba ya fitowa sai an yi mu'amala. Shi ya sa nake ganin ya fi madubin katakon kusa da manufar zanen mutum ta asali.

Malam Mai Nazari: Na karɓi wannan gyara, Hajiya. Akwai ma wanda ya haɗa ɓangarorin biyu, wato Level of Confidence na Rafael Lozano-Hemmer, wanda ya fito a 2015. An loda wa manhajar gane fuska hotunan ɗalibai 43 na kwalejin horar da malamai ta Ayotzinapa da aka sace a garin Iguala na ƙasar Meziko a watan Satumban 2014, sai ta riƙa gwada fuskar duk wanda ya tsaya da nasu, ta nuna ɗalibin da ya fi kama da shi tare da adadin kamanninsu cikin ɗari. Kayan aikin sa ido ne na jami'an tsaro aka juya domin neman waɗanda suka ɓace.

Ɗalibar Zane: Na gode, Allah ya ƙara ilimi. Abin da ya rage mini shi ne ko irin waɗannan ayyuka suna adana fuskokin masu kallo bayan sun wuce, kuma ko gidajen nune-nune suna neman izininsu tukuna.