Me ya hana Amurka karɓe bindigogi duk da harbe-harben da ake yi a makarantu?

Ɗan Bagalam:
Assalamu alaikum, malamai da yayye. Akwai abin da ya ɗaure mini kai. Duk bayan 'yan watanni sai a ji a rediyo wani ya shiga makaranta ko kanti a Amurka ya yi harbin kan mai uwa da wabi, shugaban ƙasa ya yi ta'aziyya, a sassauto da tuta, shi ke nan. Ƙasa mai ƙarfi irin wannan, me ya hana ta yin doka guda a karɓe bindigogin? Na biyu kuma, a fadarmu ana ta gardama. Wasu na cewa da mutanen ƙauyukan Madarunfa da Gidan Rumji, a jihar Maraɗi ta Nijar, na riƙe da bindiga kamar Amurkawa, da ɓarayin daji ba su taɓa su ba. Ina gaskiyar take?

Malam Lauya:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Shugaban Amurka ba shi da ikon da kake zato a wannan fanni. Riƙe makami yana cikin kundin tsarin mulkinsu, a gyara na biyu da aka amince da shi tun 1791. An daɗe ana jayayya ko haƙƙin na rundunar sa-kai ta jiha ne ko na mutum ɗaya, domin jimlar ta ambaci duka biyun. A 2008, a shari'ar Heller, Kotun Ƙoli ta ce na mutum ne, yana iya ajiye ƙaramar bindiga a gidansa don kare kai, alƙalai 5 suka rinjayi 4. A 2010 ta ce hukuncin ya hau kan jihohi da birane ma. A 2022, a shari'ar Bruen, ta ƙara ɗaure wa 'yan majalisa hannu: duk dokar da za a yi wa bindiga, sai an nuna tana da makamanciya a tarihin dokokin ƙasar. Ba dai ta rufe ƙofa gaba ɗaya ba, don a 2024 ta yarda a hana bindiga ga mutumin da kotu ta ce hatsari ne ga iyalinsa.

Idan ka ce a soke gyaran, ga hanyar: kashi biyu cikin uku na majalisun tarayya biyu, sannan jihohi 38 cikin 50 su sa hannu. Jihohi 13 kawai suka ƙi, magana ta mutu, kuma jihohin karkara masu son bindiga sun fi haka yawa.

Ko ƙaramar doka ma tana da tata katangar. Majalisar Dattawa kujeru 100 ne, amma a ƙa'idar aikinta sai an sami 60 kafin a rufe muhawara. Kowace jiha sanata biyu gare ta, Wyoming mai mutane wajen 600,000 daidai take da Kalifoniya mai kusan miliyan 39. A Disamba 2012 an kashe yara 20 da manya 6 a makarantar firamare ta Sandy Hook. Wata huɗu bayan nan aka kawo ƙudurin faɗaɗa binciken masu saye, wanda bai ce a karɓe bindigar kowa ba. Ya sami ƙuri'a 54, ya faɗi. Mutane kan ɗora komai a kan kuɗin NRA, babbar ƙungiyar masu kare haƙƙin riƙe bindiga, amma a ganina ƙuri'a ta fi kuɗin nauyi: masu bindiga da yawa a kan wannan batu kaɗai suke zaɓe, kuma ba sa fashin fitowa zaɓen fid da gwani.

A ce ma an yi dokar, wa za a je wa? Ƙiyasin 2017 ya ce bindigogi wajen miliyan 393 ke hannun farar hula, sun fi mutanen ƙasar yawa, kuma dokar 1986 ta haramta wa gwamnatin tarayya ajiye rajistar masu su.

Baban Hafsa:
Malam ya gama da kotu, bari in ɗora da kanti, don a nan kwandon ke yoyo.

Mai saye a wurin dillali mai lasisi zai nuna katin shaida, ya cike takarda mai lamba 4473, ya amsa ko an taɓa yanke masa hukuncin babban laifi, ko yana shan miyagun ƙwayoyi, ko kotu ta taɓa tura shi asibitin masu taɓin hankali. Dillali ya tura sunan ga rumbun binciken FBI, hukumar binciken laifuka ta tarayya, wanda ya fara aiki a 1998. Amsa uku ce: a ba shi, a hana shi, ko a dakata. Yawanci cikin mintuna ake gamawa. A dokar tarayya, shekara 18 ta isa sayen doguwar bindiga, ƙarama kuwa sai 21.

Inda ake samun matsala shi ne "a dakata". Idan kwana uku na aiki suka wuce ba amsa, dokar tarayya ta ba dillali damar miƙa bindigar. Haka ta faru da wanda ya kashe mutum 9 a wani coci a Charleston a 2015. An taɓa kama shi da ƙwaya, amma an rubuta ofishin 'yan sandan da ba shi ba a takardarsa, mai binciken ba ta kai ga rahoton ba har wa'adi ya cika. Wani lokaci kuma rumbun ne babu komai a ciki. Wanda ya kashe mutum 26 a cocin Sutherland Springs a 2017, kotun soja ta riga ta hukunta shi kan dukan matarsa da ɗanta, amma rundunar sojin sama ba ta aika da sunansa ba, sai bincike ya fito fes. Ga kuma cinikin hannu da hannu: wanda ba sana'arsa ba ce, idan ya sayar wa wani ɗan jiharsu da bindigarsa, dokar tarayya ba ta tilasta masa bincike ba, sai in jihar ta yi tata dokar.

Mafi ciwo shi ne wanda bai taɓa laifi ba. Yaron da ya kai hari makarantar firamare ta Uvalde a Texas ya cika 18 a Mayu 2022, cikin 'yan kwanaki ya sayi bindigogi biyu ƙirar AR-15 bisa ƙa'ida, ya kashe yara 19 da malamai mata 2. Jami'an tsaro 376 suka taru a makarantar, aka yi minti 77 kafin a shiga ajin. Wata guda bayan nan aka yi dokar da ta ba da har kwana 10 na aiki a binciki ɗan ƙasa da 21, a leƙa laifukansa na ƙuruciya. Shekarun sayen dai ba a ɗaga ba.

Gyara ɗaya ga abin da ake yawan faɗa a fada: AR-15 ta kanti ba mai ɓarin wuta ba ce. Jan kunama ɗaya, harsashi ɗaya. Masu ɓarin wuta an hana farar hula sababbinsu tun 1986. Abin da ke ƙara yawan gawa shi ne gidan harsashi mai cin 30, wanda ake cirewa a sa wani cikin daƙiƙu. Dokar 1994 ta hana sabon gidan da ya wuce harsashi 10, ta kuma hana wasu bindigogi bisa siffarsu, kamar gindi mai naɗewa ko wurin maƙala wuƙa. Kamfanoni suka cire waɗannan kayan ado suka ci gaba da ciniki, tsofaffin gidajen harsashi kuma aka bar su a kasuwa. Wa'adin dokar ya ƙare a 2004. Ni dai iyakance harsashin nake gani da ma'ana: a Tucson a 2011, lokacin da maharin ya tsaya sauya gida ne mutane suka danne shi.

Maman Ummi:
Baban Hafsa, sannu da ƙoƙari, amma kada harbin makaranta ya rufe mana ido. A 2021 mutum 48,830 suka mutu ta hanyar bindiga a Amurka. Daga ciki 26,328 kansu suka kashe, 20,958 kuma kisan kai ne, mafi yawa da ƙaramar bindiga, a rigimar unguwa ko ta cikin gida. Harbin taro ɗan yanki ne ƙarami ƙwarai. Ko a jami'ar Virginia Tech a 2007, inda aka kashe 32, ƙananan bindigogi biyu ne. Saboda haka ko an hana AR-15 gobe, jimillar ba za ta motsa sosai ba.

Abin da ke taɓa babban adadin ba ya shiga kanun labarai: jinkirta miƙa bindiga na 'yan kwanaki don zuciya ta huce, kulle ta dabam da harsashi inda yaro ba zai kai ba, da dokar da ke bai wa 'yan sanda, a wasu jihohi har da dangi, damar roƙon alƙali ya karɓe bindigar mutum na wani lokaci idan ya fara barazana. Filorida ta yi irinta bayan kashe mutum 17 a wata makarantar sakandare ta Parkland a 2018. Rauninta, sai wani ya kai ƙara. Uwa ba ta cika kai ɗanta ba.

Masu kawo misalin Ostireliya suna da hujja. Bayan kashe mutum 35 a Port Arthur a 1996, gwamnatin Firaminista John Howard ta sayi bindigogi wajen 650,000 ta lalata, ta sa jiran kwana 28, ta ce kare kai ba ya cikin dalilan ba da lasisi. Sai dai su ba su da gyara na biyu, kuma tsibiri ne.

Baba na Tibiri:
'Ya'yana, batun tsibirin nan da Maman Ummi ta ambata shi ne kan maganarmu. Gardamar Amurka ta bindigar kanti ce, mai lamba da rasit. Tamu ta bindigar da anka shigo da ita a ɓoye ce. Dokar Nijar ta riga ta hana riƙe bindiga ba da izinin hukuma ba, makamin yaƙi kuwa ba na farar hula ba ne sam, kuma tun 1994 akwai hukumar tattara haramtattun makamai, CNCCAI. Kalashin da ke hannun ɓarayi ba wanda ya cike mata takarda. Wasu daga rumbunan Libiya sunka fito bayan 2011, wasu an ƙwace su ga jami'an tsaro. Mu abin da ke gabanmu shi ne tsaron iyaka, da lamba ga kowace bindigar gwamnati, da ƙidayar harsashi a bariki, domin bindigar da ba harsashi sanda ce.

Masu cewa a raba wa ƙauye bindiga, su duba lissafi. Bindigar maharba ta baki ake ɗura ta, albarushi da duwatsun ƙarfe, a danna da sanda, harbi ɗaya a sake ɗuri, in damina ta jiƙa albarushin ma ta ƙi tashi. Mai kalashi na da 30 a gida guda, ga su bisa babura da dare. In kuma anka ce a ba su kalashin, to ƙauyen ya zama rumbun makamai da ɓarayi za su zo nema. A Banibangu ta jihar Tillaberi, cikin Nuwamba 2021, 'yan sintiri sunka fita tare da magajin garinsu, anka yi musu kwanton ɓauna, mutum 69 sunka rasu. A Zamfara kuwa 'yan sa-kai sun kashe Fulanin da ba su ji ba ba su gani ba a kasuwanni, ramuwar gayya ta ƙara hura wutar da ta koro dubban mutane zuwa Gidan Rumji tun 2019. Ban ce mai jin haushi ba shi da dalili ba. Wanda anka ɗauke wa mata ya sayar da gona ya biya fansa, ba ka gaya mishi ya yi haƙuri kawai.

Ɗan Bagalam:
Na gode, Baba. Amma ai na ji gwamnan Zamfara da kansa ya taɓa cewa mutane su nemi bindiga. Ina aka kwana?

Malam Lauya:
An yi haka a Yuni 2022, zamanin Bello Matawalle, har aka ce za a raba takardun neman izini ta hannun masarautu. Babban hafsan tsaron Najeriya na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. A dokar makamai ta Najeriya ta 1959, makaman yaƙi sai da izinin shugaban ƙasa, bindigar farauta ta zamani sai Sufeto Janar na 'yan sanda, ta maharba mai ɗurin baki ce ake nema wurin kwamishinan 'yan sanda na jiha.