Ina kuke kai yaranku Asabar da Lahadi? Wanda ya taɓa zuwa ya faɗa mana

Maman Tagwaye
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema wurin waɗanda suka je da ƙafarsu, ba waɗanda suka ji an ce ba. Yarana uku, tagwaye 'yan shekara shida da ƙanwarsu mai uku, a Kano muke wajen Rijiyar Zaki. Duk ranar da ba boko daga katun sai waya, in na karɓe wayar kuma gidan ya koma filin kokawa, kuma tsakani da Allah abin ya fara damuna don ranar nan na tambayi Hassan daga ina gero yake fitowa ya ce min daga shago. Mun gwada wani wurin wasa na cikin babban kanti, lilo biyu da ayis kirim kuɗin cefanen kwana uku ya tafi, muka dawo ba abin da suka ƙaru da shi sai rigimar a sake komawa. Ga Islamiyya kuma Asabar da Lahadi da safe. Ina kuka taɓa kai naku da suka ji daɗi kuma suka koyo wani abu?

Abban Yara
Wa alaikumus salam Maman Tagwaye. In za ki ji tawa ki fara da marinar Ƙofar Mata, nan kusa da asibitin Murtala, don duk inda na kai nawa ba inda ya zauna musu a rai kamarta. A bakin shiga an rubuta 1498, wato ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa kenan, amma yaro ba ruwansa da shekara, abin da ya kama su daban ne. Wani dattijo muka tarar zaune a bakin rijiyar rini da safar roba a hannu, ya tsoma farin yadi ya ɗago, sai ga shi ya fito kore-kore kamar an jiƙa shi a ruwan ganye, muna tsaye muna kallo yana juyewa yana komawa shuɗi a kan idonmu. Babbar 'yata ta riƙe min riga ta ce Abba wallahi canzawa yake! Dattijon ya yi dariya ya ce ai iska ce take ƙarasa aikin, shi ya sa ba a barin yadi a ciki, tsomawa ake a ɗago ya sha iska a sake tsomawa, iya yawan tsomin iya duhun shuɗin. Ya ɗauko busasshen baba ya ba su suka murza a hannu, ya nuna musu toka da kanwa da ake haɗawa da shi a bar ruwan kwana da kwanaki kafin ya nuna. Daga nan muka leƙa wurin masu bugu, suna buga yadi a kan gungume har ya ɗau ƙyalli, namijin ya ƙi tafiya sai da aka bar shi ya ɗaga sandar bugun da hannu biyu.
Abu biyu zan faɗa miki. Wurin akwai wari, ki faɗa musu tun a gida kar su toshe hanci a gaban mutane. Rijiyoyin kuma suna da zurfi ga su a ƙasa birjik, ƙaramar ki goya ta kawai. In za ku tafi ki ɗan yi wa wanda ya zagaya da ku alheri ko ki sayi ɗan ƙyalle, sana'arsu ce kuka tsayar da su a kai.

Malamar Firamare
Ni Gidan Makama na fi zuwa, na kai 'yan ajina na kuma kai nawa na gida, yana daura da fadar Sarki. Gidan da Rumfa ya zauna ne kafin ya hau sarauta a 1463, shi kansa ginin abin kallo ne, ginin ƙasa da azara, yara suna shiga soron farko suke jin sanyi ya buge su, nan ma tambaya ta samu, me ya sa ciki ya fi waje sanyi alhali ba fanka. Akwai tsofaffin ƙyauren ƙofofin gari, akwai kayan yaƙi, akwai hotunan lokacin da Turawa suka ci Kano a 1903, da ɗakin amarya irin na da mai jeren kwanuka. Kuskuren da na yi zuwan farko shi ne na so su ga komai, ɗaki bayan ɗaki, kafin mu kai rabi sun fara zama a ƙasa suna cewa ƙishirwa. Yanzu tun a mota nake ba kowa aikinsa, kai ka nemo min abu uku da aka yi da fata, ke ki nemo uku na ƙarfe, wanda ya samu ya zo ya ja ni ya nuna min. Minti arba'in mun fito, kuma har dare suna musu a kan wa ya riga ganin takobi. Yaro ɗan shida ba ya son bayani mai tsawo, farauta yake so.

Ɗan Gwale
Ba wanda ya ambaci Dala? A nan na tashi, kuma yanzu nawa nake hawa da su. Ku je da sanyin safiya ko bayan la'asar, kuma ba lokacin hazo ba don in ƙura ta sauko ba abin da za ku gani. Ranar da gari ya washe daga sama za ku hango Goron Dutse, ga hasumiyoyin Babban Masallaci, ga gari shimfiɗe ko'ina, yarona ya daɗe yana neman rufin gidanmu bai samu ba amma ya gane hanyar makarantarsu. A can saman na ba su labarin Barbushe da Tsumburbura da zuwan Bagauda, labarin da in a falo na ba su ba za su tsaya ba.

Maman Auta
Yaya Ɗan Gwale Dala kam da 'yar shekara uku ban ba da shawara ba, na gwada, goyo na yi da hawa goyo na yi da sauka, kuma a sama hankalina bai kwanta ba ko na minti ɗaya don yara suna ganin fili sai gudu ga gefe gangare. Sai dai in babansu zai je ya riƙe tagwayen. Ni Gidan Zoo nake kai nawa, wanda aka yi tun zamanin Gwamna Audu Bako, amma ranar da ba biki ba, da safe kafin rana ta yi zafi dabbobin su kwanta. Mun fi daɗewa a wurin jimina, autana ya tsuguna yana kallon ƙafarta ya ce Mama yatsunta biyu ne kawai, wallahi ni da girmana ban taɓa lura ba sai ranar, muka dawo gida ya kama kazarmu yana ƙirga nata. Kura kuma da ya gani ya yi shiru can ya ce wannan ce ta cikin tatsuniyar Gizo? Ashe shi a ransa kura wata ƙatuwar aba ce kamar saniya.
Wani abu kuma da nake roƙon kowace uwa. Wata sallah a wani wurin wasa yarona ya saki hannuna cikin cunkoso, bai fi minti goma ba amma har yau in na tuna gabana faɗuwa yake, wata baiwar Allah ce ta ɗaga shi sama tana cigiya. Tun daga ranar ba ma fita sai na rubuta lambar wayata a takarda na sa wa kowa a aljihu, kuma na koya musu cikakken sunan babansu da sunan unguwa.

Malamin Islamiyya
Duk na karanta kuma na ji daɗi, amma dan Allah iyaye kar a riƙa cire yara daga karatun Asabar da Lahadi saboda yawo, mu muke ganin yadda hadda take zubewa in yaro ya yi fashin sati biyu a jere. Ga yammacin Alhamis ga Juma'a bayan an sauko. Kuma fita irin wannan ai tana cikin karatu in aka yi niyya, ni kaina da muka zo ayar da take cewa ba sa duba raƙumi yadda aka halicce shi, a cikin Suratul Gashiya, rabin ajin ba su taɓa ganin raƙumi ido da ido ba sai a hoto.

Abban Yara
Gaskiya ne Malam, Allah ya saka. Mu Lahadin farkon wata muka ware, bayan an tashi Islamiyya an ci abinci an yi la'asar sai mu fita mu dawo kafin magariba. Sau ɗaya a wata ya isa, in ya yi yawa ma aljihu ba zai ɗauka ba ga kuɗin mai.

Hajiya Kaka
Jikata ce take rubuta min. 'Yata Maman Tagwaye, maganar geron nan ce ta tsaya min. Wannan ba sai kin biya kuɗin shiga ko'ina ba. Ki samo gwangwanin madara uku ki huda ƙasansu da ƙusa, ki zuba ƙasa, kowa ki ba shi wake uku ya shuka da hannunsa ya rubuta sunansa a jiki, ki bar musu ban ruwa. Cikin kwana huɗu biyar zai tsago ƙasa da wuyansa a lanƙwashe, za ki ga yaron da ba ya tashi sai an yi da gaske ya riga kowa fita tsakar gida. Nawa har da na gero da dawa suka shuka, suka ga shi wake ganye biyu yake buɗewa shi kuma gero ɗan tsinke ɗaya yake fitowa kamar ciyawa. In damina ta yi nisa kuma ki nemi wani ɗan uwa mai gona, ba a rasawa, su je su ga zangarniya a tsaye su ji ƙaiƙayi a jikinsu. Mun kai su Kura da rani wurin ƙanin kakansu, suka ga ruwan da ake korowa daga dam ɗin Tiga yana bin kwalbati yana shiga gonakin shinkafa, suka tsinki tumatir da hannunsu, a hanyar dawowa ba wanda ya tambayi waya. Da daddare kuma in an ɗauke wuta ki shimfiɗa tabarma ki ce gatanan gatananku, ko ki yi musu kacici-kacici, ƙulun ƙulufit, mu da shi aka wasa mana kai.

Uwar Gida daga Yamai
Sannunku 'yan uwa na Kano, ni daga Nijar nake bin zancen. In Allah ya kawo ku Yamai kar ku koma ba ku shiga gidan tarihi na ƙasa ba, wanda ake kira Boubou Hama, tun 1959 yake. Shi gidan tarihi ne kuma gidan dabbobi ne a haɗe, akwai dorina akwai zaki, amma ɗiyana inda suke ruga wa shi ne wurin ƙasusuwan manyan dabbobin nan na zamanin da da aka tono cikin hamadar Tenere, da wani kada na da da kansa kaɗai ya kai tsawon mutum. Ɗana ya ce to Inna mi kada yake yi cikin hamada? Nan na samu hanyar gaya mishi wurin da can ruwa ne da itatuwa. Akwai kuma itacen nan na Tenere da ya daɗe tsaye shi kaɗai cikin rairayi har mota ta buge shi a 1973, aka kwaso shi aka aje nan. Kuma cikin gidan akwai maƙera da dukawa da masaƙa suna aikinsu ana kallo, irin abin da Abban Yara ya faɗa na marina. Lokacin hutun lakwal mukan kwashi ɗiyan maƙwabta mu haɗa kuɗin taksi mu tafi tare, ya fi sauƙi kuma idanu sun fi yawa a kansu.

Ɗan Daura
In hanya ta biyo da ku ta wajenmu ga rijiyar Kusugu, an gina mata ɗaki, kuma har yanzu ana jan ruwa da guga a ba baƙo ya sha. Ki ba su labarin Bayajidda da macijin da yake hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a tun kafin ku iso, za ki ga yadda za su leƙa a hankali.

Maman Tagwaye
Na dawo da labari. Jiya Lahadi bayan la'asar babansu ya kai mu Ƙofar Mata, na goya ƙaramar kamar yadda Abban Yara ya ce, takardar lamba kuma tana aljihun kowa, Maman Auta na gode. Na tafi da tsofaffin singiletinsu farare guda biyu, mai rinin ya nuna musu yadda za su tsunkuro yadin su ɗaure da zare tam, ya tsoma musu, da aka warware sai ga zobe-zobe fari a cikin shuɗi, na Hassan uku na Hussaini biyar, yau da safe da kyar na raba su da rigunan suka sa yunifom. Hussaini ya tambayi mutumin ko shi ma babansa a nan ya yi aiki, ya ce har kakansa, yaron ya yi ta kallonsa. Hajiya Kaka wake ma mun shuka tun ranar Juma'a, gwangwanin ƙaramar ne ya fara tsagowa. Sai dai Hassan ya faki idona ya dangwala yatsa a jiƙaƙƙen yadin, na wanke da sabulu har sau uku farcen yana nan shuɗi, wanda ya san abin da yake fitar da shi dan Allah ya faɗa min.

Abban Yara
Ki bar shi kawai, na fatar kwana biyu uku zai fita da wanka, na farcen ne yake ɗan daɗewa sai ya tofo an yanke. Rigunan kuma ki wanke su su kaɗai da ruwan sanyi wanki biyun farko, kar ki haɗa da farin kaya.